Kujerun Aro

Wata uku Valdemir ya yi yana yawo da takardar gwamnati a aljihun rigarsa, har ta fara yagewa ta wurin ninki. An ƙi ba 'yarsa Jucilene tallafin naƙasassu, wai binciken da aka yi a gidansu ya nuna ba sa cikin matsi.

Shekarar Jucilene goma sha huɗu, ƙafafunta ba su taɓa ɗaukarta ba. Shi ke goya ta zuwa bayi, shi ke goya ta zuwa bakin titi duk ranar asibiti. Yanzu ta yi nauyi, ga bayansa yankan rake na shekara ashirin ya riga ya cinye shi. Keken guragu yake so ya saya mata da tallafin, tun kafin ranar da zai sunkuya ya kasa miƙewa.

Sai da ya je birni ɗaukaka ƙara, ya wuni a layi, sannan ya gane inda aka haihu a ragaya. Lauyan da ke tsaya wa talakawa kyauta ya karanta masa rahoton jami'in da ya zo duba gidan.

"Kujeru huɗu masu laushi, talabijin, fanka. An ba jami'i naman kaza. Seu Valdemir, duk naka ne?"

"Na maƙwabta ne, doutor," in ji Valdemir, yadda ake kiran lauya a nan don girmamawa.

"To me suke yi a gidanka?"

"Baƙo ne fa daga gwamnati. A ƙasa za mu zaunar da shi?"

Lauyan ya cire tabarau ya murza ido. "Kai ne na shida daga yankinku a bana. Za a sake turo wani. Don girman Allah, wannan karon ku bar gidan yadda yake."

Da ya gaya wa matarsa Zuleide, ludayin wake ta ajiye ta dube shi.

"Wato mu buɗe wa baƙo tsiraicinmu ya kalla?"

"Haka lauya ya ce."

"Ko labule kada in canja?"

"Ko labule."

"Kofi fa?"

Ya ɗan yi tunani. "Kofi dai ina jin ba laifi. Amma ki rage sukari."

Jucilene ta leƙo daga ragar da take kwance. "Baba, ni fa? Taku ce ko ta aro?"

Ya yi dariya kaɗan, bayansa ya amsa da ciwo, ya daina.

Ranar wata Laraba da tsakar rana mota ta tsaya a ƙofar gida. Mace aka turo, Dona Marluce, fuskarta duk gajiya. Ta zauna a kan akwatin tumatir da aka kife, ta karɓi kofi a kofin da hannunsa ya karye, Zuleide kuwa ta kasa ɗaga kai. Ana cikin tambayoyi Jucilene ta kira babanta a hankali. Ya gane. Ya durƙusa ya goya ta a gaban baƙuwa, ya tsaya a bakin ƙofa ya dafa bango, sannan ya wuce da ita bayi.

Dawowarsu ke nan ya hango Ivonete, maƙwabciyarsu kuma uwar baftismar Jucilene, wadda saboda haka suke kiran juna compadre da comadre, da kujeru biyu a ka, mijinta na biye da fanka a rungume.

"Compadre! Kai wane irin mutum ne? Baƙuwa ta zo ba ka aiko ba, sai da na hango mota? Matsa in wuce, wuyana zai karye."

Valdemir ya tare ƙofa, yarinya na bayansa. "Comadre, ki koma da su."

"In koma? Ni na riƙe yarinyar nan a coci ranar baftisma, ka ce in bar baƙuwarta a kan akwatin tumatir kamar akuya?"

"Ki koma da su, don Allah. Kujerun nan su suka hana ta keke."

Idon Ivonete ya kawo ruwa. Dona Marluce ta taso ta buɗe tsohon rahoton, ta dubi hoton da ke ciki, ta dubi kan Ivonete.

"Jajaye masu furanni. Su ne waɗannan?"

"Su ne," in ji Zuleide, murya ƙasa-ƙasa. "Duk layin nan da su ake karɓar baƙo. Biki, zaman makoki, ko fadan coci ya kawo ziyara, su ne dai."

Dona Marluce ta koma kan akwatinta ta daɗe tana rubutu. Ivonete ta juya da kujerunta, ko sallama ba ta yi ba.

Bayan mako bakwai wasiƙa ta zo. Jucilene ce ta karanta, don ta fi kowa karatu a gidan. An amince. Zuleide ta rufe fuska da gefen riga. Valdemir ya nemi akwatin tumatir ya zauna a hankali, hannu ɗaya a ƙugu. Ya yi zaton ranar nan zai yi tsalle, amma barci kawai yake ji.

"Tashi ka je ka gaya wa comadre," in ji Zuleide. "Mako bakwai ba ta amsa gaisuwarka ba."

"Zan je," ya ce. "Bari in ɗan zauna tukuna."