Bayan Faifan

Tun da Baba ya rufe garejinsa, mota ɗaya ce ta rage masa a duniya: ta Auta, 'yarsa. Duk wata uku motar takan fara karkarwa a tsaye, ko ta mutu a danja, sai ga Auta ta zo. Ban da wannan, sai gaisuwar waya ta minti biyu.

Aikin ba wani abu ba ne. A kwance tiyon iska, a leƙa maƙogwaron injin, inda wani ɗan faifai ke buɗewa in an taka totur. Baƙin datti ke taruwa a nan ya shaƙe shi. A fesa magani, a goge, shi ke nan. Na minti ashirin ne, amma Baba sai ya ci awa biyu, ita kuma tana zaune kan bencin ƙofar gida tana ba shi labarin ofis.

Abin da ba ta sani ba, tsohon nan da gangan yake barin bayan faifan ba gogewa. Shekara arba'in yana zagin masu ha'inci a sana'a, ga shi kaɗaici ya mai da shi ɗayansu. Abin yana ba shi kunya.

Ran nan yana cikin fesawa ta ce, "Baba, an yi mini canjin wurin aiki fa. Tafiyar awa ɗaya da rabi ce kullum, kan babban titi, da yara a baya. Wallahi manyan motocin nan tsoro suke ba ni."

Hannunsa ya tsaya. A ransa ya hango ta a mararraba, injin ya ɗauke, tirela na tahowa.

Ya ɗauko sifana ya ciro maƙogwaron ɗungurungum, ya danna faifan da yatsa, ya bi bayansa da buroshi har sai da tsumma ya fito fari fat.

Da ta tayar da motar, ko motsi sitiyarin bai yi ba.

"Kai, Baba! Ban taɓa jin ta haka ba. To sai yaushe kuma?"

"Wata uku" na bakinsa. Ya haɗiye maganar.

"Za ta kai ki shekara, 'yar nan. Ko ma fiye."

"Alhamdu lillahi, na huta!" in ji ta, da murnarta, ta ja mota.

Baba ya zauna kan bencin. Ya daɗe bai tashi ya wanke hannu ba.