Kunkurun da na cire

Yaya Yasira tana koyar da kwamfuta a wata makarantar ƙauye da ke hayin kogi, ta wajen Shanga, inda babu kwamfuta ko ɗaya. Zango guda ɗalibanta suna rubuta Python, yaren ba kwamfuta umarni, a takarda. Kowace yarinya ta tsara umarnin da za ta ba ɗan kunkurun nan mai zane a allon kwamfuta, ya zana mata kifi ko jirgin ruwa. Da ƙyar hedimasta ya aro tsofaffin kwamfutoci biyar na yini ɗaya tak, ya ce idan abin ya yi kyau zai bar darasin ya ci gaba, idan bai yi ba a mayar da lokacin ga lissafi.

Can babu intanet, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin kwamfutocin aron. Shi ya sa ta same ni a shagona na gyaran waya a Yelwa.

"Almustapha, ka haɗo min Python ɗin da ba shi neman komi ga kwamfuta. In sa filashi kawai shi tashi."

Na ce wannan ai kamar shan ruwa ne. Na san aikin: ka gina manhajar da kanka, ka ɗinke duk abin da take buƙata cikin fayil ɗaya, ba ta roƙon komai a inda ta sauka. Kwana biyu ina fama. Komai ya shiga, sai ɓangaren zane ya ƙi, kuskure kan kuskure. Raina ya ɓaci, ga masu waya sun cika min shago suna min tsiya. Na buɗe fayil ɗin saiti, na kashe layin zanen, na sake ginawa. Ya tafi sumul. Na gwada biyu a tara da biyu, ya ba ni huɗu, na ce madalla. Na san kunkuru a kan zanen nan yake tafiya. Na ce a raina zan dawo kansa bayan Azahar, ban dawo ba.

Da ta zo karɓa, har da soyayyen kifi ta kawo min. Na miƙa mata filashi ina wani hura hanci.

Ranar Laraba da yamma ta kira ni daga bakin ruwa, ina jin ƙarar injin jirgi a bayanta.

"Abinka ya tashi lahiya lau, Allah shi yi ma albarka," in ji ta. "Amma duk wadda ta rubuta nata, sai shi ce bai san kunkuru ba. Munka gwada har man janareto ya ƙare."

Na tambaye ta me hedimasta ya ce.

"Mi zai ce? Ya soke. Yaran na ta kuka, kowace na cewa ita ta ɓata. Sai na tsaya gabansu na hwaɗa musu laihina ne, ni na koya musu ba daidai ba. To ai gaskiya ce, tunda naka ya yi aiki."

Kunya ta rufe ni. Maganar tana bakina, layi ɗaya ne na kashe, na san lambarsa ma.

"Allah shi kyauta, Yaya," na ce.

Ta ce amin, ta sake yi min godiya.