Tsohon Faifai a Kafar Farko

Choolwe ba ta sayen abu da ka. Kafin ta haɗa kwamfutarta ta farko sai da ta ishi rabin Lusaka da tambaya: wace ƙwaƙwalwa ce ke zama a kan wane allon cikin kwamfuta, wace fanka ce ba ta ihu. Sana'arta ɗaukar bidiyon biki, kuma laftof ɗinta ta mutu murus da damina. Faifan ajiyarta kaɗai ya tsira, ta naɗe shi a ɗankwali ta adana. A cikinsa akwai muryar marigayi mahaifinta yana yi wa shanunsa kirari a garinsu Monze, kowace saniya da sunanta, kuma babu kwafi ko'ina. Ranar Asabar za a buɗe dutsen kabarinsa, ta riga ta yi wa mahaifiyarta alkawarin za a ji muryar a wurin.

A shagon Inambao ta sayi kayan. Ita 'yar ƙabilar Tonga ce, shi ɗan ƙabilar Lozi, abokan wasa ke nan tun kaka da kakanni. Ba a fushi a wannan wasa, ko a wurin makoki ma su ne ke zuwa su shafe masu kuka da garin masara. Sai dai mutumin nan bakinsa bai san hutu ba.

"Ga matata mai warin kindirmo!" in ji shi da ta shigo. "An sayar da saniya ke nan?"

"Sannu ɗan kwalekwale. Ambaliya ta koro ku kun zo birni kuna sayar da waya. Ciro mini sabon ma'ajin bayanan nan, siririn."

Ya ciro mata iri biyu, dukansu kamar sillen cingam. A ido ɗaya suke, amma ba kowane allo ke karɓar kowanne ba. Ta duba tsagar bakinsu, ta duba lambar allonta a waya, ta tabbatar yana karɓar duka biyun, sannan ta ɗauki mai sauƙin.

"Allon nan ɗan garinku ne fa," in ji Inambao yana naɗe mata. "Rowa gare shi. In ya ciyar da siririn nan, wanda ke kafar farko sai dai ya kwana da yunwa. Baƙo biyu, kaza ɗaya."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi," ta ce tana dariya, ta kwashi kayanta.

A gida ta baje su kan teburin cin abinci, ta ɗaure komai a natse, ta jira aka kawo wuta. Dannawa ɗaya kwamfuta ta tashi. Sai ta warware ɗankwali ta jona tsohon faifai. Kafofin jona faifai huɗu ne a jere a gefen allon, kuma wa zai tsallake ta farko ya je ta uku? Ta kunna, faifai bai fito ba. Ta sake wayar jonawa, shiru. Ta kara kunne, tana jin yana juyawa a ciki, amma kwamfuta ta ce ba ta san da zamansa ba.

Ana haka mahaifiyarta ta kira. "An gama sassaƙa dutsen. Muryar babanki fa?"

"Tana nan, Mama."

Da ta ajiye wayar sai tsoro ya kama ta sosai. Ta san faifai yakan mutu yana juyi. Ta ji kamar ranar nan ce ta dawo, ranar da aka kira ta daga Monze aka sanar da ita rasuwar mahaifinta.

Washegari ta ɗora akwatin kwamfutar kan cinya a ƙaramar bas har cikin gari. Ta dire shi gaban Inambao ba ko zagi ɗaya, abin da ya sa shi ajiye kofin shayinsa.

"Muryar babana ce a ciki," ta ce. "Ba ya fitowa."

Ya kwance murfin ya leƙa. "Wace kafa kika ba shi?"

"Ta farko."

"Haba matata! Ban gaya miki ba?"

"Ka gaya mini me? Cewa ka yi mu marowata ne!"

"To ai duka biyun gaskiya ne. Siririn da kika zaɓa hanyarsu ɗaya da kafar farko. Yana shiga, ita ta rufe."

"Shi ne ba za ka faɗa kamar mutum ba?"

"In yi wa 'yar Tonga magana kamar mutum? A ji a garinmu a kore ni?"

Ta ture hannunsa, ta cire wayar faifan da kanta ta mayar kafa ta uku. Ta kunna. Faifai ya bayyana tsaf da sunan da ta sa masa tun tuni, Monze. Ta danna.

Murya ta cika shagon, kakkaura, da ɗan tari a farko, ga ƙararrawar shanu daga nesa. Tsohon yana kiran jar saniyarsa, yana yabon ƙahonta. Choolwe ta dafa kanta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba. Inambao ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa. Tun da ta san shi, yau ta fara ganin bakinsa a rufe.

Sai da kirarin ya ƙare ya gyara murya.

"Tsohon nan dai bai iya waƙa ba," ya ce a hankali. "Shanun ne kawai ke haƙuri da shi."

Dariya ta ƙwace mata a tsakiyar kuka.

Ya ciro wani ɗan ma'aji daga aljihun tebur ya tura gabanta. "Kwafa yanzu, ina kallo, ban yarda da ku ba. Asabar ɗin da safe ne?"

"Me za ka zo yi?"

"In ban zo ba, wa zai shafa wa Mama gari?"