Yadda Clement Ya Ci Kofin Poka

Clement mutumin Kagoro ne, gyaran na'urar sanyaya ɗaki ya kawo shi Dubai. Kamfaninsu ya ba su masauki a Al Warsan, bayan rumbunan ajiye kaya, ɗaki ɗaya da wani ɗan Pankshin mai suna Jeffrey, mai aikin wayar lantarki. Gadonsu mai hawa biyu ne, Jeffrey a sama, Clement a ƙasa. Duk mako a saman gine-gine yake yini cikin rana, ba wanda ya san sunansa sai direban motar kamfani. Ranar Lahadi kuwa, in an taso daga coci an ci abinci, yana da inda ake kiran sunansa.

Wani dattijo ne, Bernard, mai gadi a wani ofis a Al Khabaisi, ya haɗa 'yan Arewa kamar ashirin a ƙungiyar wasan kati na poka. Kowa daga ɗakinsa yake shiga ta intanet. Wasan ba wuya a gane shi: a ba kowa kati biyu a ɓoye, a jera biyar a tsakiya, uku tare, sauran biyun ɗaya bayan ɗaya, mutum ya zuba kwandalolin wasa in ya yarda da abin da ya riƙe, ko ya janye. Wanda kwandalolinsa suka ƙare ya fita. Bernard ya hana a sa kuɗi a cikin manhajar, don ya ce bai zo ƙasar mutane a kore shi kan caca ba. Abin da kowa ke bayarwa bai wuce kuɗin shayin karak ba, a tara, ƙarshen kowane zangon gasa a ci abinci tare, a ba gwani wani ɗan kofin roba mai ruwan zinariya.

Tun da aka fara, kusan kullum Magdalena ce ke ɗaukar kofin. Mace ce da ta haura hamsin, tana aikin wanki da guga a wani otal a Port Saeed, wajen abokan aikinta 'yan Filifin ta koyi wasan. Ƙawar mahaifiyar Clement ce tun suna 'yan mata. Ita ta tarye shi lokacin da ya sauka, ita ta ciyar da shi kafin ya sami aiki, kuma ita ta sa shi a ƙungiyar. Anti yake ce mata. A wasa ba ta da sauri, ba ta da surutu, sai mutum ya ga kwandalolinsa sun koma gabanta bai san yadda aka yi ba.

A wannan zangon Clement ya matso sosai. Ranar wasan ƙarshe aka yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har la'asar ta yi saura mutum uku: shi, da Jeffrey, da Magdalena. Manhajar ta ba da ɗan hutu. Wayarsa ta yi ƙara, ya ga Magdalena ce.

"Ɗana, ashe ka girma," ta ce tana dariya. "Yau kai da antinka."

"Anti, yau sai dai ki yi haƙuri."

"To Allah ya ba mai rabo. Yalla, maza, an dawo wasa."

Ya jefa wayar kan katifa ya jawo tsohuwar kwamfutarsa.

Da farko ba da niyya aka yi ba. An jera kati uku a tsakiya, Magdalena ta zuba, Jeffrey ya janye, Clement ya bi ta da ɗan abin da ya riƙe. Kati na huɗu ya fito bakwai. Na biyar ma bakwai. Sai gadon sama ya motsa.

"Kash," in ji Jeffrey. "Bakwai biyu na yar yanzu."

A daidai lokacin Magdalena ta turo rabin kwandalolinta, irin turowar wadda ke riƙe da bakwai ta uku. Da Jeffrey bai yi magana ba, da Clement ya janye ba tare da wani dogon tunani ba, don ya sha ƙonewa a hannunta. Amma bakwai huɗu ne kaɗai a cikin kati, biyu na tsakiya, biyu Jeffrey ya yar. Burga ce kawai take yi. Ya danna, ya bi ta. Aka buɗe, ba ta da komai, kwandalolin suka gangaro gabansa.

A shafin hira na ƙungiya 'yan kallo suka fara rubutu. Wani ya ce Clement ya ga cikin Anti. Bernard ya sa hoton tafi.

Da a nan ya tsaya, da ya iya ce wa kansa tsautsayi ne. Amma da aka raba sabon kati, sai ya ji bakinsa ya ce, a hankali, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Yanzu me ka riƙe?"

Jeffrey ya leƙo daga sama yana murmushi. "Sarki da goma."

Daga nan abin ya zama aiki. In Clement na da ƙarfi, Jeffrey ya ƙara zubi don a ja ta ciki, sannan ya janye. In Jeffrey ne mai ƙarfi, Clement ya kauce masa. Ba su taɓa karawa da juna ba. Magdalena ta daɗe tana kare kanta, ta fi yadda suka zata daɗewa, har Jeffrey ya ce, "Tsohuwar nan ba ta mutuwa ne?" Clement ya yi dariya. Ya ma ƙara da nasa, ya ce shekarunta nawa tana cin kofi, ta bar wa yara mana. Can dai kwandalolinta suka ƙare. Ta rubuta a shafin hira, "Sannunku." Jeffrey ya yi wasa biyu na ganganci ya miƙa wa Clement sauran, bisa sharaɗin zai saya masa shawarma.

Daren farko ya yi barci lafiya. Washegari ma ya tafi aiki da nishaɗi, yana ta buɗe saƙonnin taya murna. Sai wajen tsakiyar mako, yana saman wani gini yana wanke matatar na'ura, ya tuna dariyar da ya yi. Ya ce wa kansa ai wasa ne, ba kuɗin kowa ya ci ba, kofin roba ne. Ya ci gaba da aikinsa.

Lahadi ta zagayo, aka haɗu a wani ƙaramin gidan abinci na 'yan Pakistan a Port Saeed, kusa da inda jiragen ruwa na katako ke lodin kaya. An haɗa tebura, an kawo shinkafar biriyani. Magdalena ta zo da kula cike da faten acca da ta dafa a ɗakinta, ta zuba wa Clement da hannunta kafin kowa. Bernard ya miƙe ya yi ɗan jawabi, ya ce ƙungiya ta yi sabon gwani, ya miƙa masa kofin, aka tafa.

"To gwani," in ji wata mai suna Tabitha, "faɗa mana yadda ka gane Anti ba ta da bakwai. Ni da na gudu."

Kowa ya juyo. Clement ya ajiye cokali. Ya ce ya lura in Anti na da kati mai kyau takan ɗan jinkirta kafin ta zuba, amma ranar nan take ta turo. Ya ce ya daɗe yana nazarin wasanta. Yana magana yana jin yadda ƙaryar ke fita sumul, har da ƙarin bayanin da ba a tambaye shi ba. Jeffrey na gefe yana gyaɗa kai. Magdalena ta saurare shi har ƙarshe, hannunta a haɓa.

"Ashe haka nake yi," ta ce. "To na gode, zan gyara."

Da aka watse ta ce ya riƙe mata kular ya raka ta masaukinsu. Suka bi ta bakin ruwa. Ma'aikata na ta ɗora firji da buhuna a kan jirage, iska mai ɗumi na kaɗowa. Da suka yi nisa ta tambaye shi ko ya kira mahaifiyarsa a makon. Ya ce ya kira.

"Clement," ta ce, ba ta tsaya da tafiya ba, "ranar nan ba ka kashe wayarka ba."

Bai gane ba da farko.

"Da na kira ka. Ka ajiye ta ba ka kashe ba. Ni ma hannuna na kan wasa, ban lura ba sai da na ji muryar Jeffrey yana maganar bakwai."

Kofin na cikin leda a hannunsa na hagu, kular a na dama, ya rasa wanda zai ajiye.

"Har ina kika ji, Anti?"

"Har ƙarshe."

Ya tuna abin da Jeffrey ya kira ta, ya tuna dariyarsa da abin da ya ƙara. Ya so ƙasa ta buɗe. Ya ce, murya ƙasa ƙasa, "Me ya sa ba ki kashe ba? Me ya sa ba ki yi magana ba?"

"Na ɗauka za ka ce masa ya yi shiru. Na yi ta jira. Da na ji kai ne ma ke tambaya, sai na ce bari in ga iyakar abin. Yau ma na jira. Da Tabitha ta tambaye ka, na ce yanzu zai faɗa."

"Anti, ki yafe min."

"Kofin ba ya damuna, ina da irinsa a ƙarƙashin gado. Amma mu nan ba mu da komai sai juna. Kowa na ɗakinsa, ba mai ganin hannun wani. In ba a yarda da juna ba, khalas, shi ke nan, ba wasan." Ta karɓi kularta a ƙofar ginin. "Ban gaya wa Bernard ba, ba kuma zan gaya masa ba. Ka gaida Jeffrey."

A motar komawa Al Warsan ya zauna can baya, ya tura ledar ƙarƙashin kujera don kada kowa ya ga abin da ke ciki. Da ya gaya wa Jeffrey, sai Jeffrey ya yi tsaki.

"Habibi, abokina, wasan shayi ne fa. Ita ma laifinta ne, wa ya ce ta saurari hirar mutane? Tunda ta ce ba za ta faɗa ba, ka bar maganar."

Ya bar maganar. Sabon zango ya fara, Magdalena ta rubuta cewa an canza mata lokacin aiki, ba za ta samu shiga ba. Clement ya san Lahadi hutunta ce tun da ya zo ƙasar. Ya shiga wasan farko, aka yi ta kiransa gwani a shafin hira, ya zubar da kwandalolinsa da wuri ya rufe kwamfutar. A coci ya koma zama a baya, yana fita kafin a gama gaisawa. Tabitha ta tare shi wata rana ta ce ya koya mata yadda ake karanta mutane a wasa, ya ce yana sauri.

Ranar wata Asabar aka tura shi gyara a Al Khabaisi. Da ya gama, ya bi ta ofishin da Bernard ke gadi, ya same shi a kan kujerarsa a bakin ƙofa. Ya faɗa masa komai a tsaye, bai rage dariyar ba, bai rage maganar tsohuwa ba. Bernard ya cire tabarau ya goge.

"Ni na tafa maka," ya ce. "Har jawabi na yi."

"Na sani, Baba."

"Kai za ka faɗa wa mutane, ba ni ba. Ka sa muryarka, kada ka rubuta."

A nan bakin ƙofar ya yi saƙon murya, ya goge, ya sake, har dai ya tura. Ya ga alamar mutane na saurara ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya amsa sai can Tabitha ta rubuta, "To." Wani ya fita daga ƙungiyar. Bernard ya sanar cewa Clement da Jeffrey za su huta zango guda, kuma daga yau 'yan ɗaki ɗaya ba za su zauna teburin wasa ɗaya ba. Jeffrey ya yi kusan wata ba ya masa magana, daga baya ya nemi a canza masa ɗaki.

Magdalena ba ta ce komai ba a shafin. Ta dawo wasa bayan 'yan makonni, ta fita da wuri a karon farko, ta ci na biyu. Clement yana gani a waya, bai sa baki ba.

Da Kirsimeti ta matso ta aiko masa cewa za ta gida, ya zo ya taya ta da kaya. Ya je da safe. Suka ɗaure akwatuna, ya sauko da su, ya jera a bayan tasi. Duk hanyar filin jirgi tana lissafa masa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu a Kagoro, shi kuwa idonsa na kan titi. A wajen awon kaya ya miƙa mata ledar atamfa da man zafi da ya saya wa mahaifiyarsa, ya tsaya yana murza hannu.

"Anti, in kin je, maganar nan..."

"Wace magana zan kai wa uwarka?" ta ce. "Zan ce mata kana aiki, kana zuwa coci, ka rame. Ɗaga min wannan akwatin, ya fi ƙarfina."

Ya ɗaga ya ɗora a kan ma'auni. Ya tsaya har ta shige ciki, sannan ya nemi hanyar tashar jirgin ƙasa, don yana da gyara a Deira kafin azahar.