Kwalbar da Ba Na Jin Ƙamshinta

Ranar Talata ce da hantsi. Ina zaune a shagona ina kankare itacen sandal a kan faranti, sai surukina ya shigo. Shekara shida yana auren 'yata, bai taɓa tsallako ƙofar shagon nan ba sai ya tsaya daga waje ya gaishe ni tukuna. Ran nan bai tsaya ba. Ya zo har kaina ya ce, "Mama, ajiye wuƙar."

Na ajiye. Ya ce motar da ke kai ma'aikatan kamfanin su Auta 'yata aiki ta yi karo da babbar mota a kan gada. Mutum huɗu sun rasu. Auta na ciki.

Abin da na fara yi, ina jin nauyin faɗarsa amma haka aka yi, shi ne na miƙa hannu na rufe kwalbar man wardi da ke buɗe a gabana. Shekara talatin hannuna ya saba ba ya barin kwalba a buɗe. Sai da murfin ya ɗaure sannan maganar ta shige ni.

Ni karatuna bai wuce aji uku ba. Haɗa turare na koya a wurin gwaggona, da hanci kawai, ba takarda ba ma'auni. Sandal, wardi, ambar, kanumfari, ɓawon lemo, su na sani su suka san ni. Auta kuwa, ita ce ƙaramar 'ya'yana kuma ita kaɗai ce mace, ta yi karatu har ƙarshensa. Kamfanin sabulu da turare ya ɗauke ta, aka ba ta farar riga da tebur a ɗakin gwaji. Duk sabulun da ake wanka da shi a unguwarmu, hancin 'yata ne ya ce a sa masa wannan ƙamshin. Ban taɓa gaya mata ina faɗa wa masu sayayya haka ba, amma ina faɗa, har sun gaji da ji.

A gabanta kuwa faɗa muke yi. Takan zo shago ran Asabar da akwatinta na ƙananan kwalabe masu ruwan ƙasa, kowace da rubutu a jiki, ta jera mini su a kan tebur.

"Kwashe mini magungunan asibitin nan," nakan ce. "Turaren da bai taɓa ganin rana ba, bai sha ruwan sama ba, shi ne turare?"

"Mama ke nan. Almiskin da kike saya, kin ɗauka barewa aka kama miki? Shi ma a injin aka dafa shi."

"Ƙarya kike."

"To kamo barewar mu tambaye ta."

"Hanci bai san daɗin gishiri ba. Ku da kuke auna ƙamshi da sikeli me kuka sani?"

Sai ta yi dariya ta buɗe kwalbar sandal ɗina, ta zuƙa da sirinji ba ta ko tambaye ni ba. Da shi da kayan akwatinta take haɗa turaren da take sawa. Ba na sayarwa ba ne, nata ne ita kaɗai. In ta shigo gida, kafin a ji muryarta an san ta iso. Na sha tambayarta me ta zuba, takan ce, "Sai ranar da kika yarda kwalabena ma turare ne." Ni kuma na ce to ta riƙe abinta.

Ta bar yarinya ɗaya 'yar shekara huɗu. Ɗigo muke ce mata, uwarta ce ta sa mata don ƙanƙantar da aka haife ta da ita. Bayan rasuwar, ubanta kan kawo mini ita shago da safe, ya ɗauke ta in ya tashi aiki. Ba ta kuka. Gyalen uwarta ta riƙe, wani shuɗi mai bakin zare, tana yawo da shi a hancinta. Muddin yana hannunta takan ci abinci, takan ma tsokane ni.

"Tsohuwa, haƙoranki nawa suka rage?"

"Sun ishe ni in cinye ki."

A wata na biyu ƙanwar ubanta ta ga gyalen ya yi dauɗa, ta wanke shi da sabulu har sau biyu, ta goge. Don Allah ta yi, ban riƙe ta da komai ba. Amma daga ranar yarinyar ta rufe bakinta. Abinci sai an yi da gaske take haɗiye loma biyu. Magana babu. Ta zauna a ƙarƙashin teburina kamar an ajiye tsintsiya. Likita ya duba ya ce ba ciwo a jikinta. Ƙashin wuyanta ya fara fitowa.

Kwalbar turaren Auta tana cikin jakarta ranar hatsarin, ta fashe a can. Babu wata.

Na ce wa surukina, "Kawo mini akwatin nan nata. Ni na haife ta. Ƙamshin da na shekara biyar ina shaƙa ba zai gagare ni ba."

Ya kawo, har da wani ɗan littafi cike da rubutun da ban iya karantawa ba. Littafin na tura cikin aljihun tebur. Kwalaben na bi su ɗaya bayan ɗaya, ina ɗiga wa guntun takarda ina shaƙa, ina hutar da hancina a gwiwar hannuna tsakanin kowace da kowace. Ba zan ɓoye ba, wasu sun ba ni mamaki. Akwai mai ƙamshin fure da asuba, akwai mai kamar wanki da aka shanya ya bushe. Na ware guda uku da na tabbata suna cikin turarenta.

Akwai kuma wata babba, ta fi sauran girma, ruwanta garau. Na shaƙa ban ji komai ba. Na sake, na ɗiga a bayan hannuna, na jira. Shiru. Na ce wannan ruwan da suke tsinka mai da shi ne. Na ajiye ta a ƙasan tebur, na mai da ita abin ɗauraye sirinji. In na gama zuba wani mai, sai in zuƙi ruwan nan in fesa a tsumma, in ci gaba.

Haɗin farko na yi shi cikin kwana biyu. Sandal a ƙasa, wardi a tsakiya, ɓawon lemo a sama, kanumfari kaɗan, da nata guda ukun. Turare ba a yi masa gaggawa, sai ya kwanta a duhu ya tsumu, kayan su saba da juna. Na jira mako biyu, ina kallon yarinya tana ramewa. Ranar da na buɗe, sai da na dafa bango. Auta ce ta shigo shagon. Ban ji bambanci ko na ƙwayar zarra ba.

Na ɗiga a gyalen na miƙa ƙarƙashin tebur.

"Ƙawata, karɓi."

Ta karɓa ta kai hanci. Ta daɗe. Sai ta yi maganar farko a cikin kwanaki.

"Wannan naki ne, Kaka. Ba na Umma ba."

Ta ajiye mini shi a cinya.

Na ƙara wardi na rage lemo, na sake jira. Ta shaƙa ta kau da kai. Na uku ko karɓa ba ta yi ba. Mai gyaran keken ɗinki da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya ce, "Uwar turare, yau kuma wa ya kayar da ke?" Na ce ya je ya ji da man injinsa. Amma maganar ta zauna mini. Mata daga nesa suke zuwa da tsohuwar kwalba babu komai a ciki sai ƙamshi, in shaƙa in haɗa musu irinsa. Ga jikata a gabana na kasa.

Wata ranar Alhamis bayan azahar, na sunkuya ɗauko tsumman sirinji ban gan shi ba. Na leƙa ƙarƙashin tebur. Ɗigo ta yi barci a kan kwali, tsumman yana manne a fuskarta, ta riƙe shi da hannu biyu. Tsumma ne baƙi ƙirin, tsohuwar rigar baban Auta da na yayyaga. Na ja shi a hankali, ta farka ta fizge.

"Bar mini. Umma na ciki."

Na ce ta ba ni in ji. Na shaƙa. Ɗan sandal, ɗan wardi, sai warin tsumma. Ban ji wata Umma ba. Amma na tsaya na yi tunani. Duk abin da ke jikin tsumman nan yana cikin haɗina, ban da abu ɗaya.

Na ɗauko babbar kwalbar. Ta kusa rabi saboda ɗaurayar da nake yi. Na buɗe na miƙa mata. Yarinyar ta sa hanci, ta lumshe ido, ta rungume kwalbar kamar 'yar tsana.

Washegari na sa surukina ya kira mini abokiyar aikin Auta, wata da ake ce wa Doguwa, tebur ɗaya suke a ɗakin gwaji. Ta zo da farar rigarta a jaka. Na nuna mata kwalbar na ce, "'Yar nan, wannan ruwan mene ne?"

Ta karanta jikin kwalbar, ta dubi yawan abin da ya rage.

"Mama, me kika yi da shi?"

"Sirinji nake wankewa."

Ta toshe baki. Na rasa dariya take ko kuka, ashe duka biyun ne.

"Almiski ne, Mama. Farin almiski, irin wanda ake haɗawa a ɗakin gwaji. Shi ke riƙe turare a jikin tufa, ya kwana ya wuni. Sai dai ba kowane hanci ke jin sa ba. Akwai mutane da yawa, haka Allah ya yi su, ko an zuba musu kofi guda ba za su ji ba. Shugaban sashenmu ma ba ya ji."

"Ni ce ba na jin turare?"

"Wannan ɗaya ne kawai. Kuma Auta ta sani. Ta ce ta taɓa shafa miki a gyale kika wuni da shi, kowa na yaba ki, ke kina cewa sabon wardinki ne."

Na tuna ranar. Na tuna yadda ta yi ta dariya ban san dalili ba, har na jefe ta da murfin kwalba.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Na jawo aljihun tebur na fito da littafin da na ƙi kulawa, na ce ta karanta mini. Ta yi ta buɗawa har ta kai wani shafi da mai ya ɓata gefensa. Ta bi da yatsa tana faɗa, ina gyaɗa kai. Sandal, wardi, lemo, kanumfari, da guda ukun nan. Duk na same su, har yawan ɗigon bai yi nisa da nawa ba. Doguwa ta ɗago ta dube ni.

"Da hanci kika gano wannan duka?"

"Da me kike so in gano, da kunne?"

Ta koma kan shafin. "Na ƙarshe ta rubuta, wanda Mama ba ta ji, ɗigo goma sha biyu." Sannan ta ce akwai wani rubutu a ƙasa. "Ta ce sandal dole sai na Mama. Na gwada na kamfani sau biyar, ba ya kamawa. Ban san yadda take yi ba."

Na ce ta maimaita mini wannan wurin. Ta maimaita.

Ban yi kuka a gabanta ba. Na tashi na ɗauko kwalbar sandal ɗina na ajiye a tsakiyar tebur, na ce, "Ba za ta sani ba mana. Wata shida yake kwanciya kafin in taɓa shi. Ku kuma komai sauri."

A ranar na yi abin da ban taɓa yi ba tun da na fara sana'a. Na zuba abin da hancina bai shaida ba. Ina ɗigawa ina ƙirgawa da ƙarfi, Ɗigo ta leƙo daga ƙarƙashin tebur tana kallo. Da na kai sha biyu na tsaya. Zuciyata na cewa ƙara, tunda ba ki ji komai ba. Na ce a'a, 'yata ta ce sha biyu.

Kafin ya tsumu na bar wa Ɗigo tsumman. Da shi ta fara shan kunun madara a hankali, rabin kofi, sannan kofi guda.

Bayan mako uku na buɗe. A hancina, shi da haɗin farko duk ɗaya ne. Na ɗiga a bakin gyalen, na bari ya sha iska, na miƙa mata. Ta shaƙa. Ta naɗa shi a wuyanta sau biyu, jelar na jan ƙasa. Ta fito daga ƙarƙashin teburin ta tsaya a gabana.

"Tsohuwa, yunwa nake ji. Ko kin cinye komai da haƙoranki biyu?"

Mai gyaran keke ya jiyo ta daga shagonsa, ya ce, "A'a, rediyo ya gyaru ke nan." Na ce masa ni na gyara, da ni da 'yata.

Yanzu Ɗigo tana aji biyu. Gyalen ya koɗe, ta daina yawo da shi, a jakar makarantarta yake zama. Akwatin Auta yana kan kanta ta sama, tare da sandal da wardi, ba a ƙasan tebur ba. In mai sayayya ta tambaye ni ko kayana duk na itace da fure ne, nakan ce mata rabi nawa rabi na 'yata, kuma ba za ta samu irinsa a wani shago ba.

Kullum da safe in na buɗe shago, kafin in share ƙofa, nakan sauko da babbar kwalbar nan. Doguwa ce ke cika mini ita. In buɗe, in kai hanci, in ja numfashi sosai. Har yau ban ji komai ba. Sai in ɗiga ɗigo ɗaya a bakin gyalena, in murɗa murfin ya ɗaure, in ɗauki tsintsiya.