'Yan Bencin Gaba

Yara sun fita tara, Munzali yana cikin ja wa kan darasi layi a allo sai hedimasta, Malam Dabo, ya shigo da 'yan mata takwas a bayansa, kowacce sanye da hijabin makarantar sabo fil, har da karin guga. Shekara biyu ke nan Munzali yana koyar da Turanci a wannan aji a matsayin malamin wucin gadi, amma bai taɓa ganin fuskar ko ɗayarsu ba.

Aka zaunar da su a bencin gaba. "Ku na gaba, ku koma baya," in ji Malam Dabo da yaran ajin suka dawo. "Tabarma ba ta cizo."

Ya ja Munzali bakin ƙofa, ya rage murya. "Ka saurare ni da kyau. Alhaji Kalilu shekara goma sha ɗaya yana sufeto, kuma darasi ɗaya yake so a yi a gabansa, wannan past perfect ɗin. Yaran nan wani malamin lesin ne ya horar da su a Daura. Mu hedimastoci muna karɓarsu bi da bi, su riga motarsa isowa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a ma abin ya zo da sauƙi, hijabi kawai ake sauya musu."

"Ranka ya daɗe, ai nawa ma sun iya. Mako uku muna kansa."

"Sun iya! Da difiloma ake cin tuwo? Rahoton mutumin nan ne zai sa a ɗauke ka aiki na dindindin, ko a bar ka a rana. Na gaba kawai za ka nuna."

Da safiyar nan, a taron ɗalibai, Malam Dabo ya yi minti ashirin yana wa'azi a kan gaskiya da riƙon amana.

Munzali mutum ne mai tsoron kuskure, wanda yakan karanta wasiƙarsa sau uku kafin ya liƙe ambulan. Da irin wannan taka-tsantsan ya shirya darasin. Ya koya wa yaran cewa idan abubuwa biyu suka faru a baya, wanda ya riga faruwa shi ke ɗaukar had. Ya bar misalan littafi, ya ɗauko na kasuwar Mai'adua: kafin mai saye ya iso, dillali ya riga ya sayar da ragon. Ranar da Rabi, 'yar wani manomi, ta haɗa jimlarta ta farko ba tare da taimako ba, sai da ya juya ga allo don kada a ga murnarsa.

Ƙarfe sha ɗaya Alhaji Kalilu ya shigo, ya zauna a kujerar da aka shimfiɗa wa darduma, ya ɗora jakarsa a cinya. Munzali ya yi bayani, sannan ya nemi misali. Hannaye takwas suka tashi lokaci guda kamar na sojoji a fareti. Can baya, a kan tabarma, hannu ɗaya ya tashi rabi da rabi.

Malam Dabo ya yi gyaran murya daga taga. Munzali ya dubi bencin gaba, sannan ya dubi tabarmar baya.

"Rabi," ya ce.

Ta miƙe a hankali, tana haɗa kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "When we came back from break, strangers had taken our benches."

Wato kafin su dawo daga tara, baƙi sun riga sun ƙwace musu benci. Babu harafin da ya kauce.

Alhaji Kalilu ya cire tabarau, ya goge. "Wannan jimlar ba ta cikin littafi. Khairunnisa, gaya mata yadda ake yi."

Yarinyar farko a bencin gaba ta miƙe tsaye cak. "The train had left before we reached the station!"

"Madalla!" Ya jinjina kai, ko da yake a ajin babu wanda ya taɓa ganin jirgin ƙasa. "Ya jikin mahaifiyar taki? To, Allah ya ƙara sauƙi. Sai mun haɗu gobe a makarantar garin Babban Mutum."

A ofishin hedimasta ya buɗe jakar, ya zaro takarda. Munzali ya hango sunansa a kai, an buga da tafireta tun daga Daura, ga hatimi, ga sa hannu, ga yabo har layi uku: haziƙin malami, ya cancanci a ɗauke shi.

"Ka ga, ɗana, ni ba na son wahalar da mutane, shi ya sa nake gamawa tun daga gida," in ji Alhaji Kalilu. "Amma malamin da bai san inda zai nuna ba, bai gama koyon aiki ba." Ya ninke takardar gida huɗu, ya mayar cikin jaka. "Sai baɗi, in muna raye."

Malam Dabo bai dubi Munzali ba. Ya fita karɓar hijabai, yana ƙirgawa kada a tafi masa da ɗaya.

Da Munzali ya koma aji, yaran sun koma bencinsu. Rabi kaɗai ce a tsaye, tana murza bakin hijabinta.

"Malam, na yi kuskure ne?"

Ya daɗe yana dubanta, yana neman wurin gyara kamar yadda ya saba, bai samu ba.

"A'a," ya ce. "Zauna. Wa zai ba mu wani misalin?"