Tarin da Rihab Ta Ƙi Yi

Tun da dokar hana rufe fuska ta shigo makarantun lardin, Rihab Tlemsani ta ajiye niƙabinta a gida ta koma sa takunkumin asibiti, shuɗin nan mai igiya a kunne. Dokar ta bar wa marar lafiya ƙofa, kuma a sanyin Montreal rabin aji tari yake yi, don haka babu wanda ya ɗaga kai. Amma da ƙanƙara ta fara narkewa, takunkumai suka dinga ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura nata.

Madam Wardiya Hamlat, malamar lissafi, ta san za a zo nan. Ba ta yi mamaki ba da shugabar makaranta, Madam Charbonneau, ta tare ta a bakin matakala.

"Iyayen wani yaro sun kawo ƙara," in ji shugabar. "Ni ba likita ba ce, Wardiya, ba kuma zan auna zafin jikin kowa ba. Tambaya ɗaya zan yi mata: ba ta da lafiya ne? In ta ce e, magana ta ƙare. 'Yar ƙasarku ce, ki fahimtar da ita."

Jarrabawar fita sakandare ta kusa, kuma a ajin babu mai kai irin na Rihab. In aka sallame ta yanzu, shekarar ta tafi.

Wardiya ta tsare ta bayan an tashi cin abinci. Ta rufe ƙofar aji, ta bar Faransanci ta koma harshen gida, domin ta san uwar yarinyar tun suna sayen nama a shago ɗaya.

"Ke, 'yar Zubida, zauna. Yau za ki yi mini tari."

"Tari kuma, Goggo?"

"Guda ɗaya tak. Ko na tsohuwar akuya ne, zan karɓa."

Idanun Rihab suka yi dariya a saman takunkumin. Da ta ji bayani, dariyar ta gushe.

"Ai ni ban taɓa cewa ba ni da lafiya ba. Na sa, ba wanda ya tambaye ni."

"Kin bar su suna zato. Mene ne bambancin?"

"Zato nasu ne, Goggo. Magana kuwa tawa ce. Allah ya ba ni lafiya, in tsaya in ce bai ba ni ba? Mama ma cewa take, wanda ya kwanta ciwon ƙarya, na gaske zai tashe shi."

"Uwarki ba ta da jarrabawa a gabanta! Ga taurin kai kamar jakin Biskra."

"Ke kika ce ina da kai."

"Na lissafi na ce."

Yarinyar ta fita. Wardiya ta zauna tana kallon allo. Tana da shekarun Rihab a garin Blida, can ƙasarsu, lokacin da masu tsattsauran ra'ayi suka fara tsare 'yan mata a hanyar makaranta, suna ce musu su rufe kai ko su ga abin da zai biyo baya. Mahaifinta, wanda ko masallaci ba ya zuwa sai idi, ya dawo daga kasuwa da mayafi ya ajiye mata a kan gado. Ya ce, "Sa, 'yata. Ƙyalle ne. Ki yi musu ƙarya ki dawo mini da rai." Ta sa, ta dawo. Ƙawarta Nasera ta ce ita ba za ta yi ƙarya da kanta ba, kuma wata Talata ba ta dawo ba.

Tun daga lokacin Wardiya ta tsani duk wani abu da ke rufe mace. Da aka yi dokar nan, a zuciyarta har ta ji daɗi. Yanzu ga ta tana roƙon yarinya da kalmomin mahaifinta, ta kuma rasa gane wa take kama da shi: tsohon da ya cece ta, ko mutanen da ke tsaye a kan hanya.

A ofis, Wardiya na tsaye a gefe, Madam Charbonneau ta miƙa wa Rihab kujera da fara'a. Mace ce da ba ta son korar kowa, ana gani a fuskarta.

"Rihab, wannan abin da ke fuskarki, saboda rashin lafiya ne?"

"Ciwon ƙirji ne," Wardiya ta yi caraf ta ce. "Tun tana ƙarama. Na san uwarta."

Shugabar ta saki numfashi, har ta fara miƙewa. Da a ce Rihab za ta yi shiru, da shi ke nan. Shiru kawai, irin wanda ta yi duk tsawon sanyi.

Yarinyar ta dubi Wardiya. Babu fushi a idonta, sai wani abu mai kama da ban haƙuri.

"Madam Hamlat tana sona ne," in ji ta. "Lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi. Saboda Allah na sa shi."

Madam Charbonneau ta koma ta zauna a hankali. Ta ce, "To, ko za ki cire? A aji kawai." Rihab ta girgiza kai. Shugabar ta ce hannunta a ɗaure yake, dole ta sallame ta, kuma Wardiya ta san gaskiya ta faɗa. Wannan ne ya fi ci mata rai: duk ɗakin ita kaɗai ta yi ƙarya, ƙaryar kuma ba ta ceci kowa ba.

Ta taya yarinyar kwashe littattafai daga ma'ajinta. Suka fito tare har bakin ƙofa.

"Nasera," in ji Wardiya, sannan ta gyara. "Rihab. Littafin lissafin nan, kada ki bar shi ya yi ƙura."

"To, Goggo."

Ta tsaya tana kallonta har ta shiga motar haya ta layin unguwarsu. Sanyi ya juyo a ranar, iska tana yankar kunci kamar reza. Ba tare da ta yi tunani ba, Wardiya ta ja gyalen wuyanta ta rufe baki da hanci, sai idanu. Mai gadi ya ɗaga mata hannu, shi ma a rufe yake. Tana tsaye a cikin harabar makaranta, kuma babu wanda ya tambaye ta dalili.